Koriyar Ƙwaya daga Mpape

Duk shekara sai an turo mana ku, da sababbin fararen riguna da waya a hannu, kuma duk shekara tambayarku ɗaya ce: yaushe za a bar mu mu taɓa na'ura? Kun kalli bidiyo, kun ga wani ya ɗiga ruwa a 'yar kwalba ya danna maɓalli, zane ya fito a kwamfuta, shi ke nan an gano sirrin cuta. Wani ma a cikinku ya ce mini wai aikin nan na hutu ne, tunda a cikin sanyin esi ake yinsa. Ban tanka masa ba, don gajiyar da ke jikina ta fi ƙarfin musu. Amma tunda na kusa ajiye aiki, bari in faɗa muku abin da ke cikinsa.

Akwai ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ake kira bakteriya, da magani ya daina kashe su. Asibitoci ne ke aiko mana da su, daga fitsari, daga jini, daga gyambo. Mu ba ma duba maras lafiya, ba ma rubuta magani. Namu shi ne mu fasa ƙwayar mu leƙa cikinta. Muna duba furotin ɗinta, wato kayan aikin da take ƙera wa kanta don ta rayu, sannan mu duba ƙananan sinadaran da ke fitowa idan ta ci abinci ta sarrafa shi, waɗanda a bakin aiki muke kira metabolait. A nan ake gane dabarar kowacce. Wata narkar da maganin take yi, wata toshe ƙofar shigarsa take yi, wata kuma famfo gare ta, magani na shiga tana feso shi waje.

Aikina na farko a ɗakin nan wankin kwalabe ne, kuma da digirina a aljihu na yi shi. Madam Rifkatu ce ta koya mini aiki, wata 'yar Jos mai ƙaramar murya da ba ta iya faɗa ba, sai dai kallo. Ta hana ni taɓa sabulu, don komai ɗaurayar da ka yi sai ya bar saura a jikin kwalba, na'ura kuwa za ta gan shi ta rufe ido ga abin da kake nema. Na daɗe ina wanki kafin ta miƙo mini fifet, 'yar sirinjin nan da muke auna ɗigo da ita, nan ma ruwa zalla ta sa na yi ta aunawa har babban yatsana ya yi kanta. Kowace safiya tana tsaye a bakin ƙofa tana shinshina mu kamar mai sayen kifi.

"Nasiru, ka shafa turare."

"Madam, na jiya ne, jiya Juma'a."

"Na'ura ba ta san Juma'a ba. Je ka canja riga."

Haka man shafawa, haka hular ulu, haka gemun da ba a rufe ba. Ba wanda ya taɓa shigowa sana'ar nan bai fara da gano kansa ba. Ka yi kwanaki kana raino da fasawa da tacewa, ka zuba a na'ura, sakamako ya fito duk furotin ɗin fatar mutum ne da gashinsa. Idan hakan ta faru sai Madam Rifkatu ta duba kwamfuta ta ce, "Barka, ka gano ɗan Adam." Ku ma kowannenku zai gano shi, ina nan zaune.

Aikin da ya fi ɓata ni da mutane shi ne daskarar da ƙwaya. Idan metabolait kake nema, sai ka ɗebo ƙwayar daga romon da take girma a ciki ka tsoma ta nan take cikin wani sinadari mai tsananin sanyi, don abin da ke cikinta yana canjawa kafin ka ja numfashi biyu. In ka tsaya, abin da za ka auna ba shi ne abin da kake nema ba. To mu kuwa mutane ne masu gaisuwa. Wata rana wani babban darakta ya shigo da baƙi daga ma'aikata, ya yi sallama daidai lokacin da hannuna ke tsakanin kwalba da ƙanƙara. A zuci na amsa, ban ɗago ba. Ya sake yi, ban ɗago ba. Da na gama na juyo na russuna na gaishe shi, amma ina, magana ta riga ta fita cewa Nasiru na lab girman kai gare shi. Shekara da shekaru sunan nan yana bi na a ofisoshi, kuma har gobe in aka maimaita haka zan yi.

Ga kuma wurin da aka ajiye mu. Unguwar Idu ce, tsakanin sito-sito da manyan motoci. In jirgin ƙasa zai wuce sai ka ɗaga hannu daga sikeli ka jira ƙasa ta daina rawa. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da nake so ku ji shi ne labarin shekarar da na'urarmu ta mutu.

Da daminar shekarar, Dakta Hauwa ta kira ni daga wani asibiti a cikin gari. Likita ce da muke aiki tare, ita ke aiko mana da ƙwayoyin da suka gagare ta. Ta ce in zo da kaina in ɗauki wani samfur, don tana so in ga mai shi. Na cika akwatin sanyi na tafi. Tun daga ƙofar ɗakin maza na ji warin, wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na mangwaron da ya kwana biyu a kwando, na san da wa za mu haɗu. Akwai wata ƙwaya da ke yin wannan wari, tana kuma rina bandeji ya koma kore.

Mai ƙafar sunansa Bitrus. A Mpape yake fasa dutse, can wajen da ake tayar da nakiya. Wani ɓangaren dutse ne ya gangaro ya tsaga masa ƙwauri, raunin ya ƙi warkewa ya koma gyambo. Ƙaton mutum ne, hannuwansa duk kanta, amma ciwo ya zuge shi. Matarsa, Maman Rahila, tana gefen gado da fulas da tsumma, ba ta zama wuri ɗaya. Ita ke goge shi, ita ke juya shi, ita ke gyara bakin bandeji in ya zame, don nas-nas ɗin ɗakin ba su da yawa.

Ya kalli akwatina ya ce, "Oga, kai ne za ka kama abin?"

Na ce, "Ni zan duba shi dai."

"Abeg ka duba da sauri. Ƙafan nan shi ne aiki na. Ba wanda zai ɗauki gurgu ya hau dutse."

A waje Dakta Hauwa ta yi mini bayanin abin da ya dame ta. An shuka ƙwayar a faranti, an jera mata magunguna iri-iri, ta tsallake dukkansu ta ci gaba da girma, in ban da wata allura guda ɗaya. A kan faranti allurar nan tana kashe ta fes. An sa Bitrus a kan allurar, safe da yamma, ba fashi, amma gyambon sai ci gaba yake yi.

"Malam Nasiru, a faranti tana mutuwa, a ƙafa ba ta mutuwa. Akwai abin da take yi a cikin ƙafar nan da ba ta yi a gabanmu. Ka gano mini shi kafin ya kai ƙashi."

Wannan irin tambayar ce ma aka kafa ɗakinmu dominta. Na ɗebi ruwan gyambon da ɗan naman gefensa, na daskarar da su a wurin tun kafin su huce, na dawo Idu na sa su a babbar firiza. Aikin bai fi na 'yan kwanaki ba in na'ura na da lafiya. To a makon nan ne injin da ke zuƙe iska daga cikinta ya yi wata ƙara ya tsaya.

Ku da kuke ganin na'urar nan tana ta gurnani a ɗakinta kuna zaton haka take kullum. A duk ƙasar nan ba mai gyara wannan ɓangaren nata. Injiniyanta yana wata ƙasa, ta waya yake leƙo ta, ni ina riƙe da tocila yana ce mini matsa hagu, matsa dama. Ya ce sai an sauya injin. Takardar neman sabo ta shiga yawo daga tebur zuwa tebur, wannan oga ya tafi taro, wancan ya tafi Umra. Na je ofisoshin da ban taɓa sanin akwai su ba, na zauna a benci har na san sunan kowane masinja. Na nemi a aika samfurin waje, aka ce shi ma sai an samo izini da busasshiyar ƙanƙara, kuma layin da ke can ya fi namu tsawo. Ɗaliban da ke jiran na'urar don kammala karatunsu suka riƙa zuwa suna zama a ƙofa suna kallona kamar ni na kashe ta.

Ban zauna haka nan ba. Duk abin da hannu da faranti za su iya, na yi. Na raini ƙwayar a romo iri-iri, na rage mata iska, na bar ta ta yi yauƙi a jikin roba kamar yadda take yi a gyambo. Takan ɗan yi taurin kai, amma in na ƙara allurar sai ta mutu. Dakta Hauwa kuma ta titsiye su da tambaya ko suna sa maganin gargajiya, Maman Rahila ta ce Allah ya kiyaye, ita 'yar coci ce, ba ta bin boka. Gaskiya kuma ta faɗa.

Nakan leƙa asibitin lokaci-lokaci. Kore yana hawa, Bitrus yana ramewa. Tun yana tambayata har ya daina, sai dai ya bi ni da ido in na shigo. Amsar tana cikin firizata a daskare, na sani, kullum sai na wuce ta gabanta, amma ba abin buɗe ta. Ban taɓa jin gajiya irin ta watannin nan ba, alhali ba wani aikin kirki nake yi ba.

Ranar da Dakta Hauwa ta kira ni, ina wani ofis ina jiran sa hannu.

"Ya fara zazzaɓi mai zafi, kuma hoto ya nuna abin ya shiga ƙashi."

Na ce, "Dakta, an ce kayan sun iso Legas. Ki ƙara mini ɗan lokaci."

"Na ƙara maka har na gaji da ƙarawa. In na sake jira ba ƙafa zan rasa ba, mutum zan rasa."

Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Injin ya iso bayan 'yan makonni. Ko da aka ɗaura shi ba a nan take ake fara aiki ba, sai an bar na'ura ta zuƙe iskarta, an wanke hanyoyinta, an gwada ta da abin da aka riga aka san nauyinsa. Da ta daidaita, na tsallake duk layin da ke jira na fara da samfurin Bitrus. Ɗalibai suka yi ta gunaguni, na yi kamar ban ji ba.

Ɓangaren furotin ya fara fitowa. Ƙwayar da ke cikin ƙafar ta cika jikinta da famfunan feso magani, ninkin-ba-ninkin abin da 'yar'uwarta ta faranti ke da shi. Wato wani abu a cikin gyambon yana tsokanarta tana kunna su. Da na juya ɓangaren ƙananan sinadarai sai ga wani tsauni a tsakiyar zanen, ya fi komai tsawo. Na zaci datti ne, na sake wanke na'ura na maimaita, ya sake fitowa. Na duba nauyinsa na gane shi. Maganin nan ne na cikin kafso ja da yalo, wanda ake samu a kowane kemis na bakin hanya, kuma ba wanda ya rubuta wa Bitrus shi a asibiti. Wannan ƙwayar ba ta jin kafson ko kaɗan. Abin da yake yi mata kawai shi ne ya tashe ta ta kunna famfo, famfon kuma ba ya zaɓe, har allurar likita yake fesowa waje. Na ɗebi ɗan garin kafson na zuba a faranti na ɗora allurar, ƙwayar da ke mutuwa jiya ta tsaya daram.

Na kira Dakta Hauwa na faɗa mata. Ta ce, "Ka taho yanzu. Dungulmin ma ya fara kore, jibi muke shirin hawa saman gwiwa."

Ku gane abin da wannan ke nufi. Mai gwiwa zai iya sa ƙafar roba ya taka, ya hau 'yan hanyoyin Mpape da ko mai ƙafa biyu sai ya dafa. Wanda aka yanke wa sama da gwiwa, a irin wancan tudun, kusan zaman ɗaki ya same shi.

Na samu Maman Rahila a barandar asibiti tana wanke kwanuka. Na gaishe ta, na tambayi jikin maigida, sannan na ce, "Maman Rahila, akwai wani magani da kike taimaka masa da shi a ciwon? Ba faɗa zan yi ba."

Ko ɗar ba ta ji ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da su, ja da yalo, a ƙulle cikin leda.

"Wannan ne kawai, oga. Ba na gargajiya ba ne fa, na bature ne, a kemis nake saya. In nas ta gama diresin ta tafi sai in ɗaga bandejin kaɗan in barbaɗa masa. Tun ranar da dutsen ya fasa shi ban taɓa fashi ba, ko abinci ban ci ba sai na saya."

Da alfahari ta faɗa. Ni ma kuma na san abin, don uwata ta sha buɗe kafson nan ta zazzage mini a gwiwa in na faɗi a ƙwallo. Garin rawaya ne, in ya shiga ruwan gyambo ya narke ba mai ganinsa.

Na yi mata bayani a hankali, da misalin famfo, yadda na yi muku. Ina cikin magana na ga hannunta ya saki ledar. Ta zauna a kan siminti.

"Oga, ke nan ni ne na yanke masa ƙafa?"

Da na iya ƙarya da na yi a wurin. Na ce, "Dutse ne ya fasa ƙafar, ƙwaya ce ta ci ta. Kafson ya taimaki ƙwayar, wannan na gani da idona. Amma ko da babu shi ƙafar za ta tsira, ban sani ba, kuma ba na'urar da za ta faɗa mana. Abin da na sani shi ne gwiwar tana nan, kuma in kika daina yau muna da dama."

Ba ta yi kuka ba. Ta tsince kafson ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa ta zuba mini a hannu.

Dakta Hauwa ta ɗage aikin, aka wanke dungulmin sosai, aka ci gaba da allurar nan dai da aka yi wata da watanni ana yi a banza. Kafin mako ya zagayo koren ya fara ja da baya. Gwiwar ta tsira. Mun rubuta abin da muka gano, aka buga a wata mujallar masana da ba mai karanta ta a Mpape, kemis kuwa har yau yana sayar da kafsonsa ga duk wanda ya miƙa hannu.

Bayan kusan shekara sai mai gadi ya ce ina da baƙo. Na fito na ga Bitrus a kan ƙafar roba, da sanda ɗaya. Ya bar fasa dutse, ya koma tsare wa wani shagon siminti. Tun daga Mpape ya yi ta canja mota har Idu. Na tambayi Maman Rahila, ya ce tana lafiya, sai dai har yanzu in ta ga yana ɗaura ƙafar takan fita daga ɗakin.

"Oga, na zo in ga abin ne. Abin da ya ci ƙafa na. An ce yana wurin ku."

Doka ba ta yarda baƙo ya shiga ciki ba. Na sa shi ya tsaya a bayan gilashi, na ɗauko farantin da na shuka ta a ciki, a rufe, a naɗe, na ɗaga masa. Koriya shar, ta bazu a kan abincinta, gwanin kyau in ba ka san ta ba. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan? Wannan ɗan abin?"

"Ita ke nan."

"Kuna ba shi abinci?"

Na ce muna ba ta.

"Wuta fa? In an ɗauke?"

Na ce firizarta tana da janareta nata na musamman. Ya yi wata 'yar dariya ya girgiza kai, ya ce su a layinsu an kwana biyu ba su ga wuta ba. Sannan ya daina dariyar.

"Ka kashe shi, oga. A gaba na."

Na ce wannan farantin zan iya sa shi a tukunyar tururin da muke kashe ƙwayoyi da ita yanzu ya gani, amma ba zan ɓoye masa ba, akwai sauranta a firiza, kuma ba za mu kashe ba. A duk ƙwayoyin da muka tara babu wadda ke nuna aikin famfon nan ƙarara kamarta. Da ita muke gwada duk wani sabon abu da ake fatan zai toshe shi, da ita kuma nake koya wa ɗalibai, ku ma ita ce za ku fara fasawa in hannunku ya nuna. Ya saurare ni har na gama, yana dafe da gilashin.

"To bar shi. Kashe ɗaya ba amfani. Amma ranar da kuka gama da shi, za ku kashe duka, ka kira ni in zo."

Na yi masa alkawari. Shekaru ke nan, ba mu gama ba, kuma ni dai na san ba a hannuna za a gama ba. Shi ne ma yake kirana, duk Kirsimeti. Mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi Rahila da mamanta, sai can a ƙarshe ya ce, "Oga, yana nan?"

In ce, "Tana nan."

Sai ya ce, "To ka faɗa masa ni ma ina nan."